An fizge wa ƙanwata hijabi a tashar bas, wa za mu kai wa kuka?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema. Ƙanwata da ta zo nan Birtaniya karatun digiri na biyu bara, ranar Talata da yamma tana tsaye tana jiran bas, wani mutum ya ɓullo ta bayanta ya fizge mata hijabi har fil ɗin ya karce ta a wuya. Ya tofa mata yawu a jaka, yana ta ɗura mata ashar wai ta koma inda ta fito. Mutane na tsaye suna kallo, wata tsohuwar Baturiya ce kaɗai ta matso ta riƙe mata hannu har bas ya zo. Tun ranar ba ta leƙa waje ba. Barci ya gagara, ko ƙofa aka buga sai ta zabura. Jiya take ce min za ta ajiye hijabin ta koma sa hular sanyi. Maigidana ya ce a bar maganar kada a ja wa yarinya matsala a bizarta, ni kuma raina ya ƙi kwanciya. Ku da kuka daɗe a ƙasar nan, akwai inda ake zuwa?

Ummi mai aikin dare:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya isar mata. Ki gaishe ta, Anti.

Ɗan Kurna:
Allah ya kyauta. Hajiya, ni dai gaskiya zan faɗa miki ko da ba daɗi. Ina tuƙin tasi a arewacin Ingila, daren Juma'a da na Asabar babu irin zagin da ba na sha daga bakin 'yan giya. An taɓa fasa min gilashin mota, an taɓa watsa min abin sha a fuska. Na sha kai ƙara. Abin da 'yan sanda ke ba ka lambar ƙara ce, sai bayan 'yan makonni saƙo ya shigo waya cewa an rufe magana saboda babu isasshiyar shaida. Lambar nan kamar rasit ne na kayan da ba a kawo maka ba. Ku lallashe ta ta yi haƙuri, ku riƙa raka ta tasha har tsoron ya sake ta. Maigidanki bai yi ƙarya ba, wanda ke kan biza ba ya son sunansa ya shiga littafin hukuma ko ta wace hanya.

Anti Ladidi:
Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Sannunku, Allah ya ba ta lafiya. Na yi shekaru ina aikin sa kai a wata cibiyar taimakon waɗanda aka zalunta, don haka bari in fara da abin da ba ya jira.

Hoton kyamara. Bas-bas da shagunan bakin titi da kyamarorin ƙaramar hukuma duk suna ɗauka, amma ba a daɗewa ake goge shi a ɗora sabo a kai. Wani wurin kwanaki kaɗan ne, wani ya kai wata guda. Kowace rana kuka ƙara kuna shawara, shaida ce take tafiya. Ta ɗauki hoton karcen wuyan yau ɗin nan kafin ya warke. Jakar da ya tofa wa yawu, in ba a wanke ba, kada a wanke, a ajiye ta gefe ita da hijabin. Ta zauna ta rubuta lokaci, sunan tashar, lambar bas ɗin, kamannin mutumin, da ainihin kalmomin da ya faɗa, komai muninsu. Kalmomin nan su ne ƙashin bayan ƙarar, don su za su nuna cewa saboda addininta da launinta ya yi.

Kai rahoto kuma ba sai ta taka ofishin 'yan sanda ba. A kira 101 tunda abin ya riga ya wuce, 999 na lokacin da abu ke faruwa ne. In ba ta son magana da baki, akwai shafin True Vision na 'yan sanda da ake cike bayani ta intanet. Ke ma kina iya kai rahoton a madadinta, haka duk wanda ya gani da idonsa. Amma ku tabbata kun furta cewa kuna ganin harin ƙiyayya ne saboda addini da launin fata, kuma ku nemi a rubuta shi haka. In aka rubuta shi a matsayin hatsaniyar titi kawai, abubuwa da yawa za su wuce ta.

Maman Hanifa:
Na gode Anti. Jakar tana nan, ta jefar da ita bayan ƙofa ta ƙi ko kallonta. To maganar bizar fa? Ita ce ta tsaya wa maigidana a rai.

Anti Ladidi:
Ki gaya masa ya kwantar da hankalinsa. Mai biza ingantacciya da aka zalunta ya kai ƙara, babu abin da ya taɓa bizarsa. Ita aka yi wa laifi, ba ita ta yi ba. Abin da zai iya taɓa bizarta shi ne wannan zaman gidan da take yi. Jami'o'i wajibi ne a kansu su lura da halartar ɗaliban da suka ɗauki nauyin bizarsu, in ɗalibi ya ɓace ba bayani, suna sanar da ma'aikatar cikin gida. Don haka gobe da safe ta aika saƙo ga sashen kula da walwalar ɗalibai da malamin da ke kula da ita, ta faɗi abin da ya faru. Da lambar 'yan sanda a hannu, neman uzuri kan fashin aji ko ƙarin lokacin miƙa aiki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka ga Ɗan Kurna, rasit ɗin naka yana da ranarsa.

Inda tsoron yake da tushe shi ne wanda bizarsa ta ƙare ko ba shi da takardu. Babu dokar da ta toshe hanya tsakanin 'yan sanda da jami'an shige da fice. Ƙungiyoyin kare haƙƙi na Liberty da Southall Black Sisters sun shigar da babban koke kan haka a 2018, masu binciken suka ba da shawarar a raba tsakani, gwamnati ba ta karɓa ba. Wanda ke cikin wannan hali sai ya fara da lauya ko ƙungiyar agaji tukuna. Ba zan yaudari kowa a nan ba.

Baba Alhaji na Landan:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ba na yawan magana a zauren nan, jikata ce ta karanta min. Ɗan Kurna, Allah ya yi maka albarka, amma ban yarda da kai ba.

Ina Landan lokacin da aka kashe Stephen Lawrence a 1993. Yaro ɗan shekara 18, baƙar fata, yana jiran bas a Eltham, wasu samari Turawa suka daɓa masa wuƙa. 'Yan sanda suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi. Da iyayensa sun yi irin haƙurin da muke cewa, da an binne maganar tare da shi. Uwarsa Doreen da ubansa Neville suka ƙi. Shi ya haifar da binciken Macpherson, wanda a 1999 ya fito ƙarara ya ce wariyar launin fata ta yi kanta a cikin rundunar 'yan sandan Landan. Daga rahoton nan ne aka samo ƙa'idar da Ladidi take faɗa muku, cewa in wanda aka yi wa abu, ko wani da ya gani, ya ɗauka saboda launinsa ne, to haka za a rubuta, ba sai ɗan sanda ya ga dama ba. Sai 2012 aka ɗaure biyu daga cikin makasan. Shekara goma sha tara matar nan tana bin haƙƙin ɗanta.

Mu da muka zo da wuri mun ga lokacin da za ka je da jini a riga a tambaye ka me ka yi musu. Abin da kuka tarar yau ba kyauta aka ba mu ba. Haƙuri na ga Allah, ba ya hana a kai azzalumi gaban hukuma. Ko a gida wanda aka mara a kasuwa wurin Sarkin Kasuwa yake zuwa, ba a ce masa ya rasa tawakkali.

Ɗan Kurna:
Allah ya ƙara girma Baba. Ban musa maka ba. Amma uwar Stephen ɗanta aka kashe, duniya ta ji. Mu namu ƙananan da ake yi kullum, wa zai tsaya a kai? Ni na ga ƙarshen nawa.

Malam Injiniya:
Ɗan Kurna yana da hujja, kada mu danne ta. Yawancin ƙararrakin nan ba sa kaiwa kotu, musamman in ba a san mutumin ba. Alƙaluman ma'aikatar cikin gida sun nuna 'yan sanda a Ingila da Wales sun rubuta laifukan ƙiyayya 140,561 a shekarar da ta ƙare a watan Maris 2024, kusan kashi 70 cikin ɗari na launin fata ne. Na addini kaɗai sun haura 10,000, sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekara guda. Kuma binciken da gwamnati ke yi gida-gida ya daɗe yana nuna kusan rabin irin waɗannan abubuwa ba sa ma isa kunnen 'yan sanda.

Amma ga inda na rabu da shi. Irin rahotannin nan na cikin abin da ake dubawa wajen tura 'yan sintiri. In mata biyar aka fizge wa hijabi a tasha ɗaya kuma babu wadda ta faɗa, a takarda tashar lafiya lau take. In kuwa duk sun faɗa, ko ba a kama shi a na farko ba, kamanni ɗaya da lokaci ɗaya za su haɗu. Kuma in aka kama shi, bambancin ba kaɗan ba ne. Duka ko cin zarafi na yau da kullum iyakar hukuncinsa wata 6 ne, amma in an tabbatar da ƙiyayyar launi ko addini a ciki yana kaiwa shekara 2, ƙarƙashin dokar 1998 da aka ƙara wa addini a 2001. Tofa yawu ma cin zarafi ne a dokar ƙasar nan, ba rashin kunya kawai ba.

Nas Rakiya:
Duk kun tafi kan kama mutumin, kun bar yarinyar a ɗaki. Maman Hanifa, ni abin da ya dame ni shi ne rashin barcin da zaburar. A makonnin farko wannan ba abin mamaki ba ne, jiki ne bai yarda haɗarin ya wuce ba. Kada ku ce mata "ai ba komai" ko "ki gode Allah bai fi haka ba". Ta san da haka, kuma in ta ji sai ta ɗauka ta cika raki, ta daina gaya muku. Ku bar ta ta maimaita labarin sau nawa take so, in ba ta so kuma kada a matsa.

Maganar cire hijabi, don Allah kada kowa ya yi mata wa'azi yanzu. Ba imaninta ne ya yi rauni ba, tsoro ne. Na ga mata da yawa da suka yi haka bayan tarzomar ƙin baƙi da Musulmi ta 2024, da hankalinsu ya kwanta da kansu suka mayar. Wadda aka yi wa faɗa a kai kuwa, an haɗa mata ciwo biyu.

Akwai Victim Support, ƙungiyar agaji ce ba 'yan sanda ba. Lambarsu 08 08 16 89 111, kyauta ce, dare da rana. Ba sharaɗi ba ne sai an kai ƙara kafin su saurare ta, kuma ba ruwansu da irin bizarta. Suna haɗa mutum da ma'aikaci guda da zai riƙa kiransa, ya bi masa sawun ƙarar, ya yi masa bayanin takardu. In wata guda ya wuce barci bai dawo ba, ko tana ganin abin yana dawo mata kamar yanzu yake faruwa, ta ga likitan unguwarku. A Ingila tana ma iya miƙa kanta kai tsaye ga NHS Talking Therapies, sashen hukumar lafiya mai magance damuwa ta hanyar tattaunawa, ba sai likita ya tura ta ba, in dai ta yi rajista da likitan unguwa. Layi yana da tsawo a wasu garuruwa, shi ya sa gara ta nemi irin wannan taimakon a jami'arta ma. Kuma kada wani ya ce muku wannan yana cikin tallafin gwamnati da aka haramta wa masu biza. Ba ya ciki. Kuɗin lafiya ta riga ta biya tun wurin neman biza, fam 776 a shekara ga ɗalibi.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni fa ban gane wannan kai yarinya wurin Bature ta zauna tana ba shi labarin zuciyarta ba. Me ya sani game da hijabi? A yi mata addu'a, a tofa mata a ruwa, a kai ta wurin malam. Mu haka muka taso.

Nas Rakiya:
Hajiya, a yi addu'ar, ni ma ina yi. Ba kishiyoyi ba ne. Kuma tana da damar cewa mace take so, in akwai Musulma a ba ta. Amma ki lura, a gida in abu ya sami yarinya, gidan cike yake da gwaggo da inna da maƙwabta, ba a barin ta ita kaɗai ko na awa ɗaya. A nan yayarta na wurin aiki, mijin yayar na wurin aiki, ita kaɗai ce da bango huɗu da waya.

Malam Injiniya:
Ga masu son inda aka san lamarin Musulmi, akwai Tell MAMA da aka kafa a 2012, aikinsu kenan, karɓar rahoton ƙiyayya ga Musulmi da taimakon wanda abin ya shafa, har su yi magana da 'yan sanda a madadinka in ka yarda. A 2024 sun karɓi rahoto sama da 6,000, mafi yawa tun kafuwarsu. Tallafin gwamnati gare su ya tsaya a 2025, gwamnati ta ba wata sabuwa mai suna British Muslim Trust wannan aikin. Akwai kuma Stop Hate UK da ke Leeds, amma layinsu ba kowane gari ya shafa ba, sai inda aka ɗauki nauyinsa, sai ki duba shafinsu ki ga ko garinku na ciki.

Ɗan Kurna:
Ka ji ko. Yau wannan, gobe waccan, duk wadda gwamnati ta ga dama. Mutane da yawa a masallacinmu ba su taɓa sakin jiki da ƙungiyar da ke cin kuɗin gwamnati ba. Yahudawa suna da ƙungiyar tsaron al'ummarsu, CST, su suka gina abinsu, suna gadin wuraren ibadarsu da makarantunsu, suna da alƙalumansu. Mu kuwa sai rigimar wa zai zama shugaban kwamiti.

Malam Injiniya:
CST ɗin ma tana karɓar kuɗin gwamnati na tsaro, Malam. Amma maganar tsari, na ba ka gaskiya.

Ɗan Wusasa:
Sannunku 'yan'uwa. Ni Kirista ne, kun sani, kuma ina so in tuna mana cewa wanda ke zagi a titi ba ya tambayar sunanka. Lokacin tarzomar da ta biyo bayan kisan yara mata uku a Southport a ƙarshen Yuli 2024, ƙarya aka yaɗa cewa wanda ya kashe su Musulmi ne ɗan gudun hijira, alhali a Cardiff aka haife shi. Aka far wa masallacin Southport, aka nemi cinna wa otal ɗin masu neman mafaka wuta a Rotherham. A unguwarmu ni da matata mun kwana da fitila a kashe, mun jawo kujera mun tokare ƙofa, yaranmu a ɗakin baya. Washegari maƙwabcinmu ɗan Pakistan ne ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko muna da madarar yara. Cocinmu ma an fasa mata taga. Don haka in za a haɗa wani abu na taimakon juna a zauren nan, a haɗa da mu.

Abu ɗaya da na koya a lokacin: in maƙwabci ne ke addabarka kullum, ba baƙo a titi ba, ka riƙe littafi kana rubuta rana da lokaci, ka kai wa mai gidan haya ko ƙaramar hukuma tare da 'yan sanda. In ka kai kuka sau uku cikin wata shida ba a yi komai ba, doka ta ba ka damar neman a zauna a sake duba lamarin gaba ɗaya, hukumomin duka a teburi ɗaya. Mutane ba su san da wannan ba.

Maman Sultan, Glasgow:
A lura, yawancin abin da ake faɗa na Ingila da Wales ne. Mu a Sikotilan dokarmu daban, sabuwar dokar laifukan ƙiyayya ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2024, kuma Victim Support Scotland ce tamu, lambar ma daban. Muna da wuraren da aka amince su karɓi rahoto a madadin 'yan sanda, irin su wasu ƙungiyoyin unguwa da ofisoshin gidajen haya. 101 da 999 dai ɗaya ne. In kuma a jirgin ƙasa ne ko tasharsa, a aika saƙon tes zuwa 61016, na 'yan sandan jiragen ƙasa ne, ba sai mutumin ya ji kina waya ba.

Abba daga Kano:
Ni ina gida, ƙanina ne ya sa ni a zauren. Ina karantawa ina mamaki wallahi. Ku ana maganar lambar waya kyauta da mai bin sawun ƙara. Mu fa? Mafarauta 16 aka kashe aka ƙona a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris 2025, suna hanyar dawowa gida salla daga wajen Fatakwal. Gwamnan Edo ya zo Kano ta'aziyya, an yi hotuna, an yi alkawura. Kafin nan ga Shasha a Ibadan a 2021, mutane suka bar shaguna da dukiyar shekaru suka hau tirela. Wa ya kira matan da aka bari ya tambaye su ko suna barci? A nan in an yi abu, gwamna ya kai buhun shinkafa da ambulan, shi kenan an rufe. Babu ofishin da maraya zai je ya ce ga haƙƙina a rubuce.

Ɗan Wusasa:
Gaskiya ne Abba, Allah ya ji ƙansu. Ka ƙara da Deborah a Sakkwato a 2022, ita ma iyayenta suna nan. Ciwon ba na ɓangare ɗaya ba ne.

Abba daga Kano:
Wannan ai maganarta daban ce, kada ka haɗa.

Ɗan Wusasa:
Taron jama'a ne suka kashe mutum ba tare da alƙali ba, a can da nan. Ni ban ga inda ta bambanta ba ga uwar da aka kawo wa labari.

Baba Alhaji na Landan:
Abba, ɗana, wanda yake so a ji kukansa sai ya iya jin na wani. Ɗan Wusasa bai faɗi abin da ba daidai ba.

Shugabar zaure:
Jama'a, maganar gida tana da nauyi kuma ta cancanci zamanta daban, za mu buɗe mata wuri ranar Lahadi, da sharaɗin ba zagi. Yanzu a dawo kan abin da ake ciki. Anti Ladidi, wasu sun tambaye ni ta gefe game da diyya.

Anti Ladidi:
Diyya iri biyu ce. In an kama mutum kotu ta same shi da laifi, alƙali na iya umartarsa ya biya wanda ya cuta. Ta biyu ta gwamnati ce, ta hukumar CICA mai biyan diyya ga waɗanda masu laifi suka raunata, ko ba a kama kowa ba. Sharuɗɗanta: an kai rahoto ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba, an ba su haɗin kai, an nema cikin shekara 2. Tana farawa daga fam 1,000 zuwa 500,000, amma sai raunin yana cikin jadawalinsu. Karce ko ƙujewa ba ya kaiwa. Ciwon da ya shafi ƙwaƙwalwa kuma sai likitan wannan fannin ya tabbatar. Ba sai da lauya ba, kada wani ya karɓe muku kaso a banza. Kun ga a nan ma wanda bai kai ƙara ba ya rufe wa kansa ƙofa tun kafin ya san zai buƙace ta.

Sannan akwai kundin haƙƙoƙin wanda aka yi wa laifi a Ingila da Wales, haƙƙoƙi 12 ne. Wanda aka yi wa laifin ƙiyayya yana cikin waɗanda aka fifita. In an kama wanda ake zargi ko an sake shi ko an tuhume shi, a sanar da kai cikin ranar aiki ɗaya maimakon biyar. Kana da haƙƙin tafinta kyauta in Turancinka bai kai ba, ko da Hausa ce, a nema. Kana da haƙƙin rubuta yadda abin ya shafi rayuwarka a gabatar wa kotu. In an san mutumin amma aka ce ba za a tuhume shi ba, kana iya neman a sake duba shawarar. Ɗan Kurna, lokacin da aka fasa maka gilashi, an rubuta shi a matsayin na ƙiyayya?

Ɗan Kurna:
Ina na sani, Anti? Na ce musu an fasa min mota, suka ba ni lamba don inshora. Babu wanda ya tambaye ni abin da mutanen suka faɗa, ni kuma kunyar maimaita shi nake ji.

Anti Ladidi:
To ka gani. Ya kamata su tambaya, laifinsu ne da ba su yi ba. Amma nan gaba ka faɗa ko ba a tambaye ka ba, kuma ka sa kyamara mai ɗaukar murya in ƙa'idar lasisinka ta yarda.

Ummi mai aikin dare:
Anti, tunda an zo nan bari in faɗi nawa, na daɗe ina haɗiyewa. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Akwai wani tsoho da hankalinsa ya gushe, kullum in na je canza masa kaya sai ya kira ni da sunan da ba zan rubuta ba. Shi ban riƙe shi ba, ciwo ne, wani lokacin ma yana gama zagin ya kama hannuna yana kuka. Amma ɗansa lafiyarsa ƙalau. Ya ce wa manaja a gabana ba ya son "irinmu" su taɓa ubansa, ranar nan kuma ya tare ni a wurin ajiye motoci ya ce ya san bas ɗin da nake hawa. Manaja ta ce in yi haƙuri, iyali ne masu biya. Bizata a hannun wurin aikin take. In suka sallame ni kwana 60 gare ni in sami wani mai ɗaukar nauyi, ga yara biyu.

Nas Rakiya:
Subhanallah, Ummi. Kina ta yi wa wasu jaje ashe ke ma da naki.

Anti Ladidi:
Ƙanwata, raba su biyu kamar yadda kika raba da kanki. Na tsohon a rubuta shi a littafin abubuwan da suka faru a wurin aiki duk lokacin da ya faru, kuma kina iya neman a riƙa haɗa ku biyu in za a shiga ɗakinsa. Na ɗan kuwa barazana ce, maganar 'yan sanda ce, kuma ba kya buƙatar izinin manaja kafin ki kira 101. Wurin ajiye motocin nan da wuya a ce babu kyamara.

Manaja kuma daina yi mata magana da baki kawai. Aika mata imel, gajere, ba zafi: ranar kaza, wuri kaza, ya ce kaza, ina neman a ɗauki mataki. Ki tura kwafi zuwa imel ɗinki na kanki, ba na aiki ba, amma kada ki sa bayanan lafiyar tsohon a ciki. Dokar daidaito ta 2010 ta hana a hukunta ma'aikaci don ya yi ƙorafin wariya, kuma mai biza ma ta rufe shi. Ba na ce ba sa yi ba, suna yi ta bayan fage, su rage miki awanni ko su nemo wani laifi. Shi ya sa takarda take da muhimmanci. Kira ACAS, shawararsu kyauta ce kan rigimar wurin aiki, kuma ki yi da wuri don wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata gajere ne. Kina cikin ƙungiyar ƙwadago?

Ummi mai aikin dare:
A'a Anti. Na ji ana maganar UNISON amma ban shiga ba, na ga kamar kuɗi ne kawai za a riƙa cira.

Malam Injiniya:
Shiga yau. Sai dai ki sani, galibi ba sa ɗaukar wa mutum lauya kan matsalar da ta riga shigarsa, don haka wannan ta yanzu ACAS da cibiyar ba da shawara ta unguwa za ki riƙe. Ta gaba ce za su tsaya miki.

Ɗan Kurna:
Ummi, in garinmu ɗaya turo min saƙo ta gefe. Ina tashi aiki kusan lokacin da masu aikin dare ke fitowa, in sauke ki a gida ba sai kin tsaya a tashar nan ba. Ba kuɗi. Ƙarar dai ku da Anti, ni har yanzu sai na gani a ƙasa.

Ummi mai aikin dare:
Na gode Yaya, Allah ya saka. Ba gari ɗaya muke ba, amma akwai wata 'yar Ghana da muke aiki tare mai mota, zan roƙe ta. Anti, zan rubuta imel ɗin kafin in shiga aiki ƙarfe takwas, in turo miki ki duba min Turancin kafin in aika.

Anti Ladidi:
Turo. Ki sa ranar da ya tare ki da kalmominsa daidai yadda ya faɗe su, kada ki gyara masa.